Aljanin Tsohuwar Kwamfutar Gidan Padilla

Rana ta yi ja a kan birnin Barankiya, zafi bai sauka ba. A gidan Don Eliécer Padilla ana naɗe shinkafa da kaza a ganye, domin Disamba ta kama, lokacin da rabin unguwa ke sayen abincin biki a wurinsu. 'Yarsa Yurleidis tana zaune da kwamfutarta a kan cinya. A ranar ta kwashe sunayen masu ciniki daga tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin kantar ciniki, ta mayar da su rumbun bayanai na haya a na'urorin wani kamfani mai nisa, abin da 'yan sana'ar ke kira gajimare. Ta haɗa shafin intanet na gidan, inda ake yin oda, da rumbun, ta zare wayar tsohuwar, ta jefar da ita waje a bayan gidan.

Da ta buɗe shafin, sai ya tura ta wani adireshi. Wancan ya dawo da ita na farko. Haka suka yi ta miƙa ta har allon ya gaji ya ce ya kasa. Ta duba kalmar sirri, ta duba sunan rumbun. Komai daidai.

"Kin kai mana ciniki sama, to hau ki sauko da shi," in ji uban, bai ko ɗago kai daga ganyen ba.

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi ana buga ƙararrawar coci. Na biyu ya biyo. Doña Nohemí, uwar gidan, ta leƙa titi tana shirin zagin 'ya'yan maƙwabta, ta tarar babu kowa, ko kare.

Haka magariba ta riƙa zo musu. Ciniki ya tsaya, shinkafa ta fara tsami a tukunya. Sai wata yamma Yurleidis ta ajiye kwamfutar ta miƙe. Ta je ƙofar titi ta juyo, ta je ƙofar kicin ta juyo. Idanunta a buɗe, ba ta ganin kowa. Uban ya riƙe ta, ta yar da shi kamar tsumma. Kafin a je a ɗauko Niña Tomasa, tafin ƙafarta ya tsage.

Niña Tomasa tsohuwa ce da ta san ganye da addu'a, ta karanta littattafan da limaman coci ba sa son a ambata. Ta zauna a kujera mai lilo, ta kunna sigari mai kauri, ta daɗe tana kallon yarinyar tana kai da kawo. Sannan ta watsa mata ruwan coci a ƙafa.

"Kai wane ne?"

Muryar da ta fito daga bakin Yurleidis ta namiji ce, a shaƙe, kamar mai ƙura a maƙogwaro. "Mai gidan ƙarƙashin kanta. Shekaru ina kwance a ɗumin akwatin nan, ban taɓa kowa ba. Ta kashe min wuta, ta kwashe kayan ɗakina ta kai sama."

Tsohuwar ta yi dariya har ta yi tari. "Kakanninka sun riƙe kogin Magdalena, suna kifar da jirage. Kai ka ƙare a akwatin ƙura, kana haya da kyankyasai. Tir! Ashe ma da ɓera nake magana."

"A ba ni baƙin zakara da kwalbar giya, a mayar min da akwatina, a kunna."

"Zakara? Ko ƙwai ba ka kai ba. Akwatin naka yana waje a bayan gidan nan. Mai amalanken gwangwani zai wuce gobe, ka bi shi. In ka ƙi, na sa ka a kwalbar man gashi na toshe."

Doña Nohemí tana ta jan carbinta.

"Na yarda," in ji muryar, a ƙasƙance.

Don Eliécer, da ke laɓe bayan firiji, ya samu bakin magana. "Niña Tomasa, ce masa ya sakar mana shafin kafin ya tafi."

Yarinyar ta juyo da kai a hankali, leɓenta ya karkace. "Duwatsun nawa ne. Tafiyar ma tawa ce, a allonta na koya. Amma shafin? Ta sa masu gadi biyu, ɗaya yana cewa baƙo ya bi ƙofa mai kwaɗo, ɗaya yana cewa ya koma marar kwaɗo. Kada ku ɗora min. Ko a cikinmu babu mai wauta irin wannan."

Yurleidis ta zube ƙasa. A bayan gidan wani abu ya yi ƙara cikin tsohon ƙarfen, ya yi tsit.

Da safe, ƙafafunta a naɗe da ganye, ta buɗe saitin shafin. Umarnin nan biyu suna nan, kowanne yana tura baƙo ga ɗan'uwansa, kuma ita ta rubuta su da hannunta. Ta goge ɗaya. Shafin ya buɗe, oda ta fara shigowa.

Uwar ta tambaye ta me ya lalace tun farko.

"Aljani ne, Mama," in ji Yurleidis, ta rufe kwamfutar.