Kan Gelede da Ya Ɓace a Ketu

Ranar Alhamis da safe aka tarar akwatin gilas na gidan tarihin garin Ketu wayam. Kan Gelede, sassaƙen itacen da mai rawa ke ɗorawa a ka, wanda aka dawo da shi daga Turai bayan shekara ɗari, ya yi ɓatan dabo. Saura kwana biyu a yi rawa da shi a gaban manyan baƙi.

Sufeto Ajoke Fagbemi ta duba. Ba a fasa gilas ba, da makulli aka buɗe. A kwandon shara ta tsinci safar hannu ta roba da ƙyallen rufe hanci.

Ta fara da Kochoni maigadi.

"Ni in ɗauki kayan rawar girmama iyayenmu mata?" ya ce. "Ranki ya daɗe, ko makullin ban taɓa riƙewa ba."

Shugabar gidan, Madam Ogudele, ta nuna Baba Laleye, dattijon da zai yi rawar. "Kullum cewa yake na kakansa ne, ba na gilas ba."

Dattijon ya yi dariya mai ɗaci. "'Yata, jibi za a ɗora min shi a ka, gari na kallo. In saci abin da za a miƙo min?"

Makulli biyu ne. Ɗaya na wuyan shugaba, wadda ɓatan ya kunyata fiye da kowa. Ɗayan na hannun Rufin Adeoti, mai kula da lafiyar kayan.

Ajoke ta zube masa safar a tebur.

"Malam Rufin, ɓarawon da ke ɓoye zanen yatsa safa kawai yake nema. Wannan har hanci ya rufe. Itacen yake tsoro. Wa ya san abin tsoro a jikinsa?"

Rufin ya zaro wata takarda.

"Turawa sun jiƙa shi da gubar kashe ƙwari don kada ya ruɓe. Ga sakamakon gwaji. In gumi ya taɓa shi, fata za ta sha. Sau uku ina kai wa Madam, ta ce an riga an gayyaci baƙi, rawar rabin awa ba ta kisa. Baba Laleye ya haura saba'in."

"Me ya hana ka faɗa masa?"

"Na faɗa. Cewa ya yi kayan kakansa ba ya cutar jika."

"Yana ina?"

"Ɗakin ajiya, cikin akwati. Ki kama ni. Amma in kin mayar mata, jibi yana kan tsohon."

Ajoke ta kama Rufin, doka ce. Sannan ta liƙe akwatin da hatimi, ta haɗa da takardar.

"Kayan shaida ne, Madam. Ba mai taɓawa sai alƙali ya gama. Za kuma ki amsa tambayoyi."

Ana fita da akwatin, Baba Laleye ya tare Ajoke a bakin ƙofa.

"Yaushe alƙalin zai gama?"

"Wataƙila baɗi, Baba."

Ya dubi akwatin. "Sun tafi da shi kakana na kuka. Sun dawo da shi ba ya taɓuwa. To bari ko gaisawa mu yi."

Ta tsaya. Ya durƙusa a gaban akwatin, ya fara yi masa kirari, hannuwansa a baya.