Taragon da Ya Gangara Ranar Juma'a

Ana tsakiyar huɗubar Juma'a a Kaura Namoda wani tsohon tarago ya bar inda aka ajiye shi a bayan tashar jirgi. Ba kan jirgi da ke jan sa, ba direba. Ya bi sabon layin da aka ja zuwa kamfanin gurzar auduga, ya gangara har ƙarshe, ya danne wani mutum da ke barci a can.

Labarin ya iske Sufeto Rilwanu a ƙofar caji ofis, ko dardumarsa bai ajiye ba. Ya kira Kofur Anas, suka hau babur suka nufi wurin.

Bazara ce, rana ta take. Ƙarafan layin suna rawa cikin zafi kamar an shimfiɗa su a kan ruwa. Burbushin auduga na yawo a iska, yana sauka a kan hulunan mutanen da suka taru, yana sake tashi. Rilwanu ya ji kamar cikin barci yake tafiya. Shi mutumin Shinkafi ne, kuma tun ranar da mahaifinsa ya kawo shi Kaura a bayan akori-kura don ya ga jirgi, bai daina jin wani abu a ƙirjinsa ba duk sa'ad da ya tsaya kusa da layin dogo.

Mamacin Malam Namadi ne, manomi daga Birnin Tsaba. Shi da ƙanensa Abbati suka kawo ragowar audugarsu a kan jakuna, suka tarar an rufe sikeli sai an sauko daga masallaci. Zazzaɓi ya hana Namadi zuwa masallaci, sai ya kwanta a inuwar dakalin lodi, ya jingina da katakan da aka tare ƙarshen layi da su. Abbati ya dawo ya tarar da taro.

Wanda ya yi wa Sufeto bayanin wurin shi ne Injiniya Muhtari, siriri, mai furfura a gemu, wanda ya tsara layin tun daga takarda har ƙasa. Da suka zo gaisawa, bai ba da tafinsa ba, wuyan hannu ya miƙa, kamar wanda aka iske yana cin abinci.

Muryarsa a sanyaye take, amma da ya fara maganar layin sai ta sake. Ya nuna yadda reshen ya balle daga babban layi a bayan tasha, ya gangara a hankali, ya kewaye tsohon tafki, ya hau kwalbati. Dab da dakalin lodi kuma ya sa aka yi ciko, ƙasa ta ɗan tashi, ta yadda tarago zai zo da kansa ya tsaya da kansa, ba sai an nemi kan jirgi ya turo shi ba. Ya ce tun da aka gama aikin jirgi bai shigo ba, kuma Alhaji mai kamfanin ya fara maganar a kwashe ƙarafan a koma wa tirela.

"To me ya sa bai tsaya ba?" in ji Rilwanu.

"Ban sani ba, Sufeto. Ba na nan."

"Kana ina?"

"Zurmi. Na je duba tsakuwa."

Ya ƙara da cewa akwai weji na ƙarfe da ake tare ƙafar taragon da shi. Duk wanda ya cire shi, shi ya yi wannan aiki.

Kafin la'asar 'yan agaji sun kawo mutum caji ofis, da wejin a cikin jakarsa. Wani makiyayi ne mai suna Ja'e. Kowa ya san ya sha yin cacar baki da mutanen kamfani, domin sabon layin ya ratsa burtalin da shanunsa ke bi zuwa tafki. A wannan shekarar, da shari'a ke sabuwa a Zamfara, kalmar sata ba ƙaramar kalma ba ce. Ja'e ya zauna a ƙasa, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu a kan cinya, kamar wani zai fizge.

Da farko ya ce a kasuwar Shinkafi ya sayi ƙarfen. Rilwanu ya tambaye shi wurin wa, ya ce ya manta. Ya tambaye shi yaushe, ya kawo ranar da ba ta kasuwa ba. Sufeto ya sa aka ba shi ruwa, ya jira ya sha.

"Ja'e, ƙarya ba za ta fid da kai ba. Ina ka same shi?"

"Yallaɓai, tsintar shi na yi. Mun biyo da shanu bayan an sauko, na gan shi gefen layi."

"A yashe?"

"A'a. An aje shi tsaye bisa wani dutse, an ɗora mai tsumma. Na ce ya yi kyau da buga turke."

Rilwanu ya daɗe yana juya wannan magana. Mai ɓarna wurgarwa yake yi, ɓarawo kuma tafiya yake da abu. Wanda ya ajiye ƙarfe a tsaye ya rufe shi da tsumma, niyyarsa ya dawo ya mayar.

DPO ya so a miƙa Ja'e kotu ranar Litinin a huta. Rilwanu ya roƙi a ɗan saurara masa.

Da safe ya aiki Kofur Anas Zurmi, shi kuma ya ɗauki butar alwala ya bi layin a ƙasa tun daga tasha. Gari shiru, sai kukan kurciya. A inda reshen ya balle akwai ƙarfen da ake sauya layi da shi, da kwaɗo a jiki. Ba a fasa kwaɗon ba, buɗe shi aka yi. Mai kula da tasha ya ce mabuɗan biyu ne, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin kamfani. Rilwanu bai tsawaita tambaya ba, domin sahu ɗaya suka yi salla jiya da mutumin.

A inda shanu ke tsallaka layi, kofato kan cika gefen ƙarfe da yashi. Nan ya tarar an share tas. Sawun tsintsiya na nan, layi-layi, ko iska ba ta gama gogewa ba.

Da ya kai wurin cikon, ya tsaya ya dubi gaba. Ido na cewa tudu ne. Ya durƙusa ya tsiyaya ruwan buta a gindin ƙarfen. Ruwan ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya fara rarrafe, ba baya ba, gaba, wajen kamfani. Ya matsa ya sake zubawa. Haka dai. Gefen cikon kuwa duk ya tsattsage. Damina ta cinye tudun, ba wanda ya lura.

Taragon na nan inda ya tsaya, hancinsa cikin karyayyun katakai. Rilwanu ya sa yatsa a akwatin da ke jikin ƙafar, ya fito da giris sabo, mai sheƙi. Ya zagaya baya, inda akwai ɗan wurin tsayawa da sitiyarin birki na hannu. Sarƙar birkin ta tsinke, tsatsa ta ci ta. A jikin sitiyarin kuma akwai busasshen jini, nesa da inda Namadi ya kwanta.

A bakin ƙofar kamfani wata tsohuwa, Asibi, ke sayar da fura a ƙarƙashin dalbejiya. Jiya ta ce wa 'yan sanda tana gyangyaɗi, ba ta ga komai ba. Rilwanu ya zauna a kan bencinta, ya sa ta dama masa, ya sha rabi. Sannan ya ce mata akwai wani bawan Allah a tsare, hannunsa na cikin haɗari, ga kuma shanunsa ba mai kora.

Ta daɗe tana juya ludayi.

"Ɗana, in na faɗa cewa za a yi na taɓu."

"Faɗa mini ni kaɗai, Inna."

Ta ce lokacin gari ya mutu, kowa na masallaci. Sai ta hango taragon ya ɓullo ta bayan tafki, ba ƙara, kamar a kan iska yake tafiya. A bayansa akwai wani tsaye cikin fararen kaya, iska ta cika masa riga ta kumbura. Ya saki hannuwa duka biyu, ya buɗe su. Ta ɗauka mutanen ɓoye ne, ta fara karanta abin da ta iya.

"Dariya shikai, wallahi. Sai daga baya na ji ya koma ihu, yana ta faɗin, tashi, tashi. Daga nan na rufe idona."

"Kin san muryar?"

Asibi ta dubi ƙwaryarta. Ta ce mutumin kullum yana sayen furarta, kuma bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba. Daga haka ba ta ƙara ba.

Kofur Anas ya dawo da azahar. Masu fasa dutse a Zurmi sun ce ba sa aiki ranar Juma'a, kuma rabonsu da Injiniya tun kafin azumi.

Ba a ofis suka sami Muhtari ba. Yana zaune a kan ƙarfen layi daidai wurin cikon, yana kallon tsagar ƙasa. Bai tashi ba da ya gan su. Rilwanu ya zauna a ɗaya ƙarfen, suna fuskantar juna, layin a tsakaninsu.

"Injiniya, ba ka je Zurmi ba."

Muhtari ya ci gaba da kallon tsagar.

"An shafa wa taragon giris. An share yashi. An buɗe kwaɗo da mabuɗi. Makiyayi bai san wannan ba. Buɗe hannunka in gani."

Muhtari ya zaro hannunsa daga aljihu a hankali. Tafin ya salluɓe, fata ta ɗaye tun daga gindin yatsu, ya naɗe da ƙyalle da ya riga ya jiƙe.

Da ya fara magana, kamar labarin wani yake bayarwa. Ya ce ya yi layuka a wurare da yawa, amma duk tsarin wasu ne, shi dai ana ba shi ya aiwatar. Wannan ne kaɗai nasa. Ya san ana yi masa dariya a bayan ido, ana cewa ya ja layin da jirgi ba zai taɓa bi ba. Da ya ji za a kwashe ƙarafan, sai ya so ya gani da idonsa sau ɗaya cewa tarago zai zo ya tsaya inda ya ce zai tsaya. Ya zaɓi lokacin salla don ya san ba kowa. Ya zagaya filin kafin ya hau tasha, bai ga Namadi ba, inuwar dakali ta ɓoye shi. Bai sake auna cikon ba tun bayan damina. Ya ce ya sha yin niyya, amma yana tsoron abin da zai gani.

"Da na ga bai rage gudu ba, na kama birki. Na murɗa har sarƙar ta tsinke. Sannan na ga ƙafafun mutum."

"Ka bar Ja'e ya kwana a tsare."

"Na bari." Ya sunkuyar da kai. "Jiya na zo har ƙofar caji ofis, na juya. Ba ni da abin da zan ce a kan wannan."

Rilwanu ya gaya masa za a kai shi gaban alƙali, kuma maganar jinin Namadi tana hannun shari'a da iyalansa. Muhtari ya gyaɗa kai. Kofur Anas ya ciro ankwa, Sufeto ya dubi hannun nan, ya ce ya mayar.

Suna tafiya, Rilwanu ya yi tambayar da ba ta cikin aiki. Ya tambaye shi yadda tafiyar ta kasance kafin kwalbati.

Muhtari ya tsaya. Idanunsa suka cika.

"Daidai yadda na zana, Sufeto. Ko girgiza babu. Ya sha kwanar tafki kamar ana riƙe da shi. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba." Ya dubi hannunsa. "Shi ne abin da ya fi damuna. Ko yanzu in na rufe ido, daɗin nake fara ji kafin in tuna mutumin."

Suka ci gaba da tafiya.

A bakin ƙofar kamfani suka iske Abbati, ƙanen mamacin, ya dawo ɗaukar jakunansu, yana ɗaure igiya. Bai san komai ba tukuna. Muhtari ya roƙi a tsaya. Ya cire takalmansa, ya durƙusa a gaban manomin cikin rana, ya ce masa shi ne ya saki taragon.

Abbati ya dube shi, ya dubi Sufeto. Igiyar ta zame daga hannunsa. Can ya ce, a hankali, Namadi ya bar 'ya'ya ƙanana, kuma bai san yadda zai gaya wa uwarsu cewa ba ma da gangan aka yi ba.

Muhtari bai ɗago ba. Sai da Kofur Anas ya kama shi ta kafaɗa ya tashe shi.

Rilwanu ya ce wa Kofur ya yi gaba da babur, ya sa a saki Ja'e tun kafin shanunsa su watse. Shi kuma ya sa Injiniya a gaba, suka bi gefen hanya a ƙasa zuwa caji ofis, takalman na hannun Muhtari, ya manta bai sa ba.