Maharbin da Jarjis Ya Shafe a Bango

A ƙauyenmu na gindin tudun Nimrud, kowa da dutsen tudu yake shafe ɗaki. A haƙo shi, a ƙona, a daka ya zama farar ƙasa. Jarjis ma haka ya yi. Sai dai nasa dutsen da mutum sassaƙe a jiki: gemu a kitse, baka a ɗame, takobi mai zakoki biyu a kube, awarwaro mai fure a wuyan hannu. Ya farfasa shi, ya ƙona, ya shafe ɗakuna uku na gidan da ya yi shekara goma sha tara yana ginawa.

Wata magariba ana kwashe miya a gidan Jarjis, dutse ya faɗo cikin tukunya. Ni aka fara zargi, don duk ƙauyen babu mai saitina wajen jifa. Aka kulle ni a rumbu kwana biyu, jifa bai tsaya ba.

Rana ta uku Fidda, 'yar Jarjis tilo, ta miƙe, ta juya gefe, ta ɗame bakan da ba a gani, ta sandare. Ba ci, ba sha.

Aka ɗauko wani malami, Mulla Zannun, daga birnin Mosil. Ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida.

"Wane ne kai?" in ji Mulla.

"Tambayi maigidan," in ji wata murya daga bakin Fidda, kamar ana jan dutse. "Shi ya dafa ni."

"Fita, ko in ƙona ka."

"An riga ka, Mulla. Ina bakana? Ina zakokina? Ni mai tsaron ƙofar sarki, yau a jikina ake rataye albasa."

"Me kake so?"

"A mai da ni tudu, har tubalin da na taɓa. Ko gidan, ko yarinyar."

Mulla ya waiwayi Jarjis. "Ka ji, Abu Fidda."

Jarjis ya dubi rufi. Ya dubi ƙofa.

"Ɗaki biyu ba za su isa ba?"

Muryar ta yi dariya har ƙura ta zubo daga bango. Sai a sannan Jarjis ya ce, "A rushe."

Fidda ta zube ƙasa. Kwana goma sha ɗaya jakuna suna jidar gidan zuwa tudu, jifa ya ƙare.

Ta warke sarai. Tana dafa wa Jarjis shayi a bukka, tana wanke masa riga, amma ba ta ƙara ce masa Baba ba. Ranar da ya tambaye ta dalili, ba ta ko ɗago kai ba.

"Jikina maharbin ya riƙe," ta ce. "Kunnena ya bar mini."