Warin da Ya Kusa Raba Mu

"Malam ya ce a mayar musu da kayan sa-ranarsu," Inna ta faɗa ba tare da ta kalle ni ba.

Ludayin hannuna ya suɓuce cikin tukunya. Saura wata biyu aurena da Sufyanu, malamin firamare a Bukkuyum, wanda Baba da bakinsa yake yabon nutsuwarsa.

"Inna, mi yay yi?"

"Warin giya babanki yaj ji a bakinai jiya a zaure. An kai mai tuwo da fura ko taɓawa bai yi ba, ga rama. Gidan malamai za mu kawo mashayi?"

Na faɗa ɗaki na kira Sufyanu a waya.

"Sufyanu, ka gaya min gaskiya ko da za ta kashe ni... kana sha?"

"Subhanallahi! Surayya, wallahi ban taɓa kai ta bakina ba."

"To warin mine ne?"

Ya sauke murya.

"Sukarina ne ya fara hawa. Shi yac ci ƙafar mahaifina kafin ya rasu. Likita ya ce in yanke tuwo da shinkafa da fura, in riƙe ƙwai, kifi, nama da ganye, kuma yana auna ni. In jiki ya rasa hatsi, sai ya koma ƙona kitsensa, ƙonawar ce ke fitowa a numfashi. Ya ce warin zai ragu."

"Shi ne ka ɓoye min?"

"Tsoro nij ji, abar ƙaunata... kar ki ce ba ki auren mai ciwo."

Haushi da tausayi suka haɗe min wuri guda. Ji min mutum, ya gwammace a ce masa mashayi!

Na durƙusa gaban Baba na zayyana masa komai ina kuka. Baba ba ya ƙaryata mutum, amma ba ya saurin gaskatawa.

"Ki ce mai ya zo nan Gummi ran Juma'a, ya yi kwana uku wurina."

Ya zo. Tare suke zuwa masallaci, tare suke zama a zaure, ko bakin titi Baba bai bar shi ya leƙa shi kaɗai ba. Ni ke soya ƙwai da kwaɗon zogale ina aikawa.

Ran Litinin da hantsi na laɓe bayan ƙofar zaure.

"Matso," Baba ya ce wa Sufyanu. "Hura min."

Na rintse ido.

"Warin na nan yadda yake," Baba ya ce a hankali. "Kwana uku ruwa kaɗai kas sha a gabana. Na yi maka mummunan zato, ɗana, ka yafe min. Rana na nan yadda munka sa ta. Amma kar ka ƙara ɓoye ciwo ga wadda za ta dafa maka."

Na zube ƙasa ina kuka ina dariya. Ashe Inna na bayana tana ji. Ta goge ido da bakin mayafinta, ta zungure ni da ƙafa.

"Tashi, marar kunya. Shi surukin nawa, kifi zai ci yau ko kaza za a yanka?"