Goron Neman Mai Reno

Ranar da Manzo ɗan zemijan, mai haya da babur, ya fara ganin Suwaiba, faɗa ya sha. Ya tsaya bakin gada sayen kifi, ɗiyarshi Amira na zaune bisa tankin babur tana tsala kuka, rana ta dafa mata kai. Suwaiba mai suyar kifin ta taso ta sauke yarinyar, ko tambayarshi ba ta yi ba.

"Malam, wannan ɗiya ce ko buhun albasa?"

Ya so ya mayar mata da magana, sai ya ga Amira ta yi shiru a kafaɗarta. Ya gaya mata gaskiya: uwar ta rasu bara. Ya kai yarinyar garderi, gidan renon yara, ashe da azahar suke rufewa, daidai lokacin da fasinja ke fitowa kasuwa. Ya kai ta wurin wata tsohuwa a Garou, ya tarar tsohuwa na barci, yarinya na cin ƙasa. Wadda ya ɗauko daga Madécali kuwa, ita kanta mai reno take buƙata.

Tun ranar Amira ta koma wuni a rumfar Suwaiba. Da abin ya ɗore, Manzo ya ga gara iyayen Suwaiba su sani, a yanka mata albashi. Ya sayi goro don kada ya shiga gidan mutane hannu sake, ya durƙusa gaban mahaifinta Malam Kadiri.

"Baba, Suwaiba na zo nema."

Ga goro, ga kalmar nema. Tsoho ya murtuke fuska, ya ce ba ya ba mai babur da ɗiya a hannu ɗiyarshi budurwa, kuma Halliru dillalin albasa ya riga shi magana. Manzo ya buɗe baki zai gyara, aka nuna mishi ƙofa.

Bai kai tasha ba saƙon Suwaiba ya shigo wayarshi: "Baban Amira, ashe abin da ke ranka ke nan ka yi shiru? Bar ni da Baba, ni na yarda."

Da wani ne da ya haɗiye. Shi kuwa ya rubuta: "Reno nake nufi, ba aure ba."

Washegari ta sayar mishi da kifi kamar baƙo. Ya koma yawon neman mai reno, yana tsaki gida-gida, har Allah ya haɗa shi da Azumi, maƙwabciya mai tsabta da haƙuri. Amira ta saba, har ta yi kumatu. Matsala ta ƙare, amma shi tuwo ya ƙi wuce mishi. Fasinja ya ce a kai shi Guéné, sai ya tsinci kanshi bakin gada.

Ran nan ya kashe babur gaban rumfar.

"Na samu mai reno, ta kirki ce. Yanzu ba ni da wani dalilin zuwa nan sai ke."

Ta daɗe tana juya kifi a mai. "Wawana, sai yau ka gane?"

Ita ta sallami Halliru da bakinta. Malam Kadiri ya yi ta kai-kawo, daga baya ya ce mutumin da ya faɗi gaskiyar da ta ja mishi asara ba zai cuci ɗiyarshi ba.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Tsoho ya ɗora Amira a cinya, ya ce shi ma ya yi jika, ba mai raba shi da ita.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya raya musu Amira.