Tulun da Ba Shi da Inuwa

Bayan isha'i Riskuwa na shagonsa a Argungu, yana fama da sabon wasan kwamfuta: a jera maka tsofaffin kaya, ka nuna wanda aljani ke ciki. Kullum faɗuwa yake.

Wani tsoho ya shigo ba sallama, rigarsa na ɗigar ruwa, yana ƙarnin kifi, ya ce:

"Ɗana, bar duban kyawon abu. Wanda bai da inuwa, shi na."

Riskuwa ya danna wani tulu marar inuwa. Ya ci!

"In ka gane shi kuma, kak ka yarda shi sani."

Riskuwa ya juyo zai yi godiya. Ga kwan lantarki bisa kansu, amma inuwa ɗaya ce a ƙasa, tasa.

Tsohon ya matso.

"Mi kag gani, ɗana?"