Tanderun Gidan Ƙarshe

Ranar Asabar ce, ranar gashin burodi. Benedita ta fito daga ƙofa ta huɗu da tiren kwaɓi a kafaɗa, sai ta tarar wani baƙo ya tare mata hanya. Ya durƙusa gaban tanderun da ke manne da bangon gidan ƙarshe, tef ɗin awo a hannu, fensir a bayan kunne, yana ta aunar abin da ba wanda ya sa shi.

"Bawan Allah, ɗan ba ni hanya, kwaɓina zai zube."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Minti ɗaya. In aka rushe wannan tulin, motata za ta shiga nan cif-cif."

"In aka rushe me?"

A nan ya ɗago. Daga baya Telmo, wato baƙon, ya sha rantsuwa cewa tef ɗin ne ya kuɓuce da kansa, amma mu da muke wurin mun ga lokacin da hannunsa ya saki. Ya tsaya yana kallonta baki buɗe, ita kuwa ta harare shi tun daga takalmi har fensir.

"Tulin nan ne ya ciyar da kakata," in ji ta. "Matsa."

Taga ta buɗe, mai gidan ta leƙo. Ti Perpetua ke nan ("Ti" muke ce wa dattawa a nan), shekara tamanin da ɗaya, kunnenta ba ya jin likita amma yana jin gulma daga ƙarshen layi. "Wane ne wannan mai rusau ɗin?" ta tambaya. Sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Ƙauyenmu Montinho layi ɗaya ne, ƙofa goma sha biyu, kowane gida ya jingina da ɗan'uwansa. In ka yi tari a ƙofa ta biyu, ta uku za ta ce maka sannu. Biyar daga ciki a kulle suke, masu su na Faransa, magada sun kasa shirya kansu balle su sayar. Gonakin da suka kewaye mu kuma hukuma ba ta yarda a ɗora bulo ko ɗaya a kansu. Rabon da a sayar da gida a nan shekara goma sha ɗaya. Don haka da aka ji Ti Perpetua za ta koma wurin ɗanta a Setubal, labarin ya kai har birnin Beja kafin azahar.

Gidan ƙarshe kuwa shi ne na kowa-ke-so. Maƙwabci ɗaya gare shi, yana da tagar da ke kallon gonaki, da bishiyar lemo a gefe. Sai dai yana da ɗawainiya: duk mai riƙe da shi, shi ke hura tanderu kowace Asabar, matan layi su kawo kwaɓinsu. Telmo ɗan arewacin ƙasar ne, mai gyaran injin ban-ruwa, shekara uku yana haya a ɗaki ɗaya a wani gari mai nisan kilomita talatin. Ina zai san wannan?

Asabar ta zagayo, sai ga shi wai ya zo ba da haƙuri. Ta gaba ma ya dawo, wai haƙurin bai karɓu ba. Da ya gano Benedita ce ma'aikaciyar jinyar da ke zagaya tsofaffin yankin, sai ya tare ta bakin mota yana dafe da ƙirji.

"Ina jin hawan jini ne ya kama ni."

Ta ɗaura masa abin awo, ta duba. "Lafiyarka ƙalau."

"A sake dubawa. Da kika taɓa ni ya hau."

"Mai rusau, ina da tsofaffi tara suna jirana."

"To ki ba ni lambarki, ko da zai tashi a hanya."

Ta ba shi, tana cewa don aikin asibiti ne kawai. Kafin ta kai gidan tsoho na biyu saƙo ya shigo:

"Dita, jinin ya sauka, amma yanzu zuciyar ce. Tun ranar da kika ce in matsa na kasa matsawa. Me ake sha?"

Ta amsa: "Ana shan haƙuri, safe da yamma. Kuma wa ya ba ka izinin gutsure min suna?"

"Sauran na ajiye shi a wurina, don kada wani ya ɗauka."

Kafin zaitun ya nuna, kowa a layi ya san inda aka dosa. Mu dai mun ji daɗi, don yaron yana da kunya, kuma ya gyara famfon ƙofa ta bakwai bai karɓi ko kofi ba. Mutum ɗaya ne bai ji daɗi ba, shi ne mahaifinta, Ti Custodio.

Tsohon makiyayin tumaki ne, mai ƙarancin magana. Ranar da Telmo ya je gaishe shi, ya bar shi a tsaye ya gama fere sandarsa tukuna.

"'Ya'ya huɗu na haifa," in ji shi. "Uku na raka su tashar mota da kaina. Ɗaya Lyon, ɗaya Geneva, ɗaya Lisbon. Jikokina a waya nake ganinsu. Ba zan raka ta huɗu ba."

"Ba zan kai ta ko'ina ba, Ti Custodio."

"Haka surukaina suka ce. Mai ɗakin haya jakarsa a ɗaure take. Ka nuna min ƙofa a layin nan da sunanka a takarda, sannan ka dawo mu yi magana."

Ƙofa ɗaya ce tak ta sayarwa, kuma mai ita ta riga ta ji abin da ya ce zai yi wa tanderunta.

Ga kuma Valdemar. Ubansa ne mai injin matsar man zaitun, kuma ya daɗe yana kawo wa Benedita kwalaben man da ba ta roƙa ba. Yana son gidan don ya riƙa ba 'yan hutu haya, ya kuma taya shi sama da abin da aka yi masa kuɗi. Ɗan Ti Perpetua kullum yana bugo waya daga Setubal: "Mama, ki sa hannu mana!" Ti Custodio ma ya fi karkata can, don a cewarsa injin matsar mai ba ya shiga akwati.

Benedita ta yi kuka a mota da ta ji haka, ta rubuta masa: "Masoyina, in gidan nan ya kuɓuce, sai yaushe? Shekara goma sha ɗaya kuma? Ba zan bar Baba ba, kai ma ba zan iya barinka ba."

Ya amsa: "Share hawayenki, Ditata. Ba ni da kuɗin Valdemar, amma ina da hannu biyu. Ki ba ni mako ɗaya, kuma kada ki tambaye ni komai."

Ranar Laraba da hantsi Benedita ta dawo ɗaukar wani magani da ta manta, sai ta ji ƙarar guduma. Ta kewaya gidan ƙarshe. Ga Telmo a kan tanderu, fari fat da ƙura, ya fasa rabin rufin, jan bulo zube a ƙasa.

"Telmo! Me kake yi?"

Ya duba tagar Ti Perpetua, wadda ke rufe, ya dawo da ido kanta. "Ba zan iya faɗa miki yanzu ba."

"Ba sai ka faɗa ba. Ai tun ranar farko ka faɗa."

Ta juya. Kafin yamma layi ya ɗauka cewa mai rusau ya saye tsohuwa a ɓoye, ya fara aikinsa. Ti Custodio ya ci gaba da fere sandarsa. Saƙon da Benedita ta tura wa Telmo gajere ne:

"Na ɗauka gida kake nema mu zauna. Ashe wurin ajiye mota kake nema. Kada ka sake kirana."

Ya rubuto: "Dita, na yi wa wata alkawari. Ki yi fushi da ni har Asabar, na yarda. Amma ki ci abinci."

Ba ta amsa ba, kuma ba ta ci ba.

Gaskiyar ta fito ranar Juma'a, lokacin da matan layi suka taru a ƙofar Ti Perpetua suna neman ba'asi. Tsohuwar ta fito tana dogara sanda, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku bar yaron nan. Ni na sa shi. Rufin tanderun ya tsage shekara biyu ke nan, ina ta shafe shi da farar ƙasa. Shi ya gani tun ranar da yake awonsa, ya zo ya ce wata rana zai rufta a kan hannun wata. Na sa ya rantse ba zai faɗa ba."

"Shekara biyu?" in ji matar ƙofa ta tara. "Ti Perpetua! Duk lokacin da burodina ya fito ɗanye a gefe ɗaya kika ce ban iya kwaɓi ba?"

"To dama kin iya ne?"

Dariya ta ɓarke. Benedita dai ba ta tsaya dariya ba, ta kewaya da gudu. Ta same shi yana jera bulon ƙarshe, yatsunsa duk sun farfashe. Ta kama hannun tana dubawa, hawaye na ɗiga a kai.

"Ka yafe min, masoyina."

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"To ban yafe ba sai kin ci."

Valdemar ya iso da yamma cikin farar riga, ya tabbatar wa tsohuwa cewa shi ba zai taɓa tanderu ba har abada. Fenti zai yi masa, ya jera tukwanen furanni a bakinsa, baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Ti Perpetua ta dube shi, sannan ta ce kowa ya dawo bayan gashin Asabar mai zuwa, in aikin ya bushe. Ta ƙara da cewa bayanta na ciwo, mai rusau ne zai hura wutar.

Ranar ta zo. Tun da sassafe Telmo ya cika tanderu da itacen zaitun, ya hura wutar da ta isa narkar da ƙarfe. Mai aiki da injuna ne, ya ɗauka ƙarin wuta ƙarin kyau. Ya kwashe garwashi, amma bai jira zafin ya lafa ba, bai kuma watsa ɗan gari a ƙasa ya ga launinsa ba, abin da ko jaririn Montinho ya sani. Ya zura burodi ashirin da biyu ya rufe.

Da aka buɗe, hayaƙi ne ya fara yi mana sallama. Burodin mako guda na layi gaba ɗaya ya fito baƙi ƙirin.

Valdemar ya yi dariya har da riƙe ciki. Telmo ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai, don a ganinsa gida da Benedita duka sun ƙone tare da burodin. Tausayinsa ya kama mu, har waɗanda fulawarsu ta tafi a banza.

Ti Perpetua ta ɗauki guda ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. "Na farkon da na gasa, kaji ma ƙin ci suka yi," in ji ta. Ta ciro mabuɗi daga aljihun riga ta jefa masa a cinya. "Litinin mu je Beja a sa hannu. Ɗana ya yi ta fushinsa. Ni ban hura wutar nan shekara sittin don a dasa mata furanni ba."

Saura mutum ɗaya. Ti Custodio ya tako a hankali, ya zaro wuƙarsa, ya kankare baƙin wani burodi, ya yanka ya sa a baki. Ya daɗe yana tauna, duk muna kallon haɓarsa.

"Ba daɗi," ya ce.

"Na sani, Ti Custodio."

"Wannan aikin, a yadda na ga hannunka, sai ka shekara ashirin kafin ka iya." Ya sake yankar wani. "Kowace Asabar. Ba fashi, ba tafiya."

"Ko talatin ne zan yi."

Tsohon ya juya ya dubi 'yarsa, idonsa ya kawo ruwa, abin da ba mu gani ba ko a tashar mota. "To ki tsaya kusa da shi, Benedita, kada ya kashe mu da yunwa."

An ɗaura auren a watan Mayu, a ƙaramin cocinmu. 'Yan'uwanta uku duka suka zo, aka buɗe gidajen da ke kulle don baƙi, aka yanka raguna huɗu, aka jera tebura tun daga ƙofa ta ɗaya har ta goma sha biyu. Ti Perpetua ta sa ɗanta ya kawo ta daga Setubal, ta zauna a kujerar gaba tana gyara wa limamin coci karatu.

Da aka tashi, Ti Custodio ya riƙe hannun 'yarsa ya raka ta gidan mijinta da ƙafa. Ƙofa takwas ce tsakani, amma sai da ya tsaya hutawa sau biyu. A bakin ƙofar ya ɗora hannu a kansu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya cika gidan da 'ya'ya, ya sa su tsufa a cikinsa. Muka amsa da amin.

Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo.

"Gobe da safe zan leƙo shan kofi."

"Baba, gobe fa?" in ji Benedita tana dariya cikin hawaye.

"Gobe, da jibi, da gata," ya ce, ya kama hanyar gida yana dogara sandarsa.